Bututu Biyu a Ƙarƙashin Titi Ɗaya

A kowane ƙaramin gari da ke da ruwan famfo da magudanar ƙazanta, akwai bututu iri biyu a binne cikin ƙasa, ɗaya yana kai tsabtataccen ruwa gidaje, ɗaya kuma yana kwashe abin da ya fito daga banɗaki da madafa. Jama'a sukan ɗauke su a matsayin ayyuka biyu dabam, amma ni a ganina aiki ɗaya ne, domin lafiyar gari gaba ɗaya ta rataya ne a kan kada abin da ke cikin na biyun ya sami hanyar shiga na farkon.

Tace ruwa ba sabon ilimi ba ne. Idan daga kogi ko madatsa aka jawo shi, sai a zuba masa alif domin laka ta dunƙule ta kwanta, a bi da shi ta cikin yashi, sannan a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Tun a shekarar 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara sa wa ruwan shan jama'a kulorin a kai a kai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ana so ragowar sinadarin ta raka ruwan har bakin famfo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ragowar ta gaza miligiram 0.2 a kowace lita a wurin da ake ɗiban ruwan, saboda tafiya tsakanin matata da gida tana da nisa, kuma a hanya ne ruwa ya fi gurɓata.

Nan ne maganar ƙarfin ruwa ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna. Babu bututun da ya daɗe a ƙasa da ba ya yoyo, ko ta mahaɗa ko ta inda tsatsa ta ci. Muddin a cike yake kuma ruwan na tafiya da ƙarfi, to, ta waɗannan kafofi ruwa ne ke fita waje, ba abin da ke shiga. Dalilin ɗora tanki a kan tudu ko dogon ƙarfe ke nan, domin nauyin ruwan da ke sama yana riƙe da ƙarfin ko da injin ya tsaya na ɗan lokaci. Amma da zarar an ɗauke ruwa bututu ya bushe, sai lamarin ya juya, ya riƙa zuƙo duk abin da ke kwance a gefensa, ko ruwan kwata ne ko na masai da ya tsiyaye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban famfo lokacin da aka dawo da ruwa ya ga alamar: da farko iska ce ke fita da tari, sai ruwa ja mai laka ya biyo baya, kafin daga bisani ya washe. Shi ya sa nake ganin garin da ke samun ruwa awa uku a rana ba ƙarancin ruwa kaɗai ke damunsa ba, ruwan da yake samun ma abin tuhuma ne.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. A watan Mayun 2000, a Walkerton, wani gari mai mutane kusan 5,000 a lardin Ontariyo na Kanada, ruwan sama mai yawa ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa cikin ɗaya daga rijiyoyin da garin ke sha. Mutane 7 suka mutu, fiye da 2,300 suka kwanta. Binciken da mai shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa masu kula da ruwan ba su da isasshen horo, ba sa zuba kulorin yadda ya kamata, ba sa auna shi kullum, kuma sun daɗe suna cika takardu da alƙaluman ƙarya. Gwajin da suka yi sakaci da shi kuwa na mintoci ne: a ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a jefa ƙwayar maganin gwajin kulorin, idan ya koma ruwan hoda a gwada kaurin launin da ma'auni.

Raunin ƙaramin gari a nan yake. Tsawon bututun da zai kula da shi yana da yawa, masu biyan kuɗin ruwa kaɗan ne, kuma sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne suka san inda kowane makulli yake. Gina matata yana samun kuɗi da bikin buɗewa, amma sayen kulorin, canza tsohon bututu da horar da ma'aikaci ba su da wanda zai yi musu tafi. Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa fiye da kubik mita biliyan 32 na tataccen ruwa ke zubewa ta yoyo kowace shekara a duniya. Saboda haka ina goyon bayan a sa mita a biya kuɗin ruwa, tare da rangwame ga marasa ƙarfi, bisa sharaɗin hukuma ta riƙa bayyana sakamakon gwajin ruwa a fili inda kowa zai gani.

Ita kuwa magudanar ƙazanta gangara take bi, don haka abu kaɗan ke tare ta. Man girki da aka zubar yakan daskare a jikin bututu, ya kama tsumma da leda, har ƙazantar ta dawo ta ɓullo a titi ko a cikin gidan da ya fi gangare. Haɗa ruwan rufin gida da ita yana sa ta cika ta tumbatsa da damina. Ƙananan garuruwa da yawa suna tara ƙazantar a jerin tafkuna marasa zurfi, inda hasken rana da ƙananan halittu ke narkar da ita, hanya ce mai sauƙin kuɗi, sai dai tana bukatar fili da kwashe dagwalon da ya taru a ƙasa lokaci zuwa lokaci. Idan aka bar tafkunan suka cushe, ruwan zai wuce kogi bai tsarkaka ba, kuma garin da ke gaba a kan wannan kogin daga nan yake jawo abin shansa.