Simplex ɗin Kakana da Baikal ɗin da Na Saya

Bindigar da ta fi kowane ƙarfe daɗewa a gidanmu na Tawa, a Nijar, mai baki ɗaya ce, ƙirar Faransa, kuma ta girmi mahaifina da 'yan shekaru. Kakana, wanda ya yi aikin gidan waya a zamanin Turawa, shi ne ya aika aka kawo masa ita bayan ya sami izinin kumandan, domin a wancan lokaci baƙar fata ba ya riƙe bindiga mai cin harsashi sai da yardar hukuma, mafi yawan maharba kuwa adaka suke ɗurawa da albarushi. Da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa aka zo rabon gado, 'yan'uwana suka bar mini ita ba tare da gardama ba, saboda ni kaɗai ne na riƙa bin sa daji tun ina yaro, ina riƙe masa gora da jakar harsashi.

A jikinta an rubuta Simplex, sunan da kamfanin Manufrance na birnin Saint-Étienne ya ba wannan ƙira tun da ya fito da ita a 1908. Étienne Mimard da Pierre Blachon ne suka kafa kamfanin a 1885, kuma abin da ya kai sunansa ƙasashenmu shi ne wani ƙaton littafin talla da yake rarrabawa, wanda mutum zai zauna a Adar, wato yankinmu na Tawa, ya buɗe, ya zaɓi keken hawa Hirondelle ko keken ɗinki Omnia ko bindigar farauta, ya aika da kuɗinsa ta gidan waya, ya jira. Kamfanin ya durƙushe ya rufe a 1985, amma bindigoginsa sun ƙi bin sa kabari. Har yau akwai su a ƙauyuka, wasu an naɗe ƙotarsu da fata, wasu da waya. Dalilin yaɗuwarsu ba boyayye ba ne. Bindiga mai baki ɗaya ta fi mai baki biyu araha nesa ba kusa ba, ƙarafan cikinta kaɗan ne, ba ta da nauyi ga mai tafiyar ƙasa, kuma yaro ma zai gane yadda ake karya ta daga ƙasa, ta wajen ƙarfen da ya kewaye kunama, a zura harsashi ɗaya a rufe. Amurkawa sun yi irin tasu, kamar Winchester mai lamba 37 da aka ƙera daga 1936 zuwa 1963, Ingilishi kuma suna da Greener ta Birmingham, amma a wajenmu Simplex ce ta yi sarauta kafin Baikal ta Rasha ta zo ta karɓe kasuwa.

Abu na farko da na yi bayan ta shigo hannuna shi ne neman takarda, domin wadda ke cikin akwatin mahaifina sunansa take ɗauke da shi, kuma izinin riƙe makami na mutum ne, ba ya bin bindiga kamar yadda igiya take bin akuya. Na yi zirga-zirga, na yi jira, na kai hotuna da takardar shaidar cewa ba a taɓa ɗaure ni ba, har abin ya fito. Wasu abokaina sun yi mini dariya, wai wa zai kula da tsohuwar bindigar zabbi. Ni kuwa na san cewa a ƙasar da aka kafa hukuma ta musamman tun 1994 domin tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba, kuma a jihar da wasu sassanta na arewa suka shiga dokar ta-ɓaci tun 2017, jandarman da ya tsayar da kai a kan hanya ba zai tambaye ka tarihin kakanka ba.

Bayan takarda sai na kai ta wajen wani dattijo, tsohon soja da ya yi shekaru yana gyaran makamai a bariki kafin ya yi ritaya. Da na miƙa masa ita, kafin komai sai da ya karya ta ya leƙa ya tabbatar babu harsashi, ko da yake a gabansa na yi haka. Sa'an nan ya rufe, ya cire katakon gaba, ya riƙe ta a ƙota ya girgiza a hankali kusa da kunnensa. Ni ma daga inda nake zaune na ji ɗan ƙwas-ƙwas.

Ya dube ni ya ce, “Ɗana, wane harsashi kuke ba ta?”

Na ce, “Baba, wanda kowa ke sayarwa mana, kalibur duz.”

Ya juya bututun ya goge ƙarƙashinsa da tsumma, ya nuna mini wata 'yar lamba da ban taɓa lura da ita ba a shekarun da na yi ina ganin bindigar nan: 65. Ya ce, “Wannan fa? Shekara nawa kuna ɗura wa tsohuwa lomar da ta fi bakinta, Allah ne kawai ya tsare ku.”

A nan ne na fahimci cewa kalibur duz ɗin da muke faɗa, wato lamba 12 da Faransanci, rabin magana ce. Lambar 12 faɗin bututu kawai take nufi, kuma lissafi ne na dā: idan aka raba laba ɗaya ta dalma, wato kimanin giram 454, zuwa dunƙule goma sha biyu masu girma ɗaya, faɗin dunƙule guda shi ne faɗin bututun, wajen milimita 18 da rabi. Shi ya sa mai lamba 16 da mai lamba 20 suka fi mai 12 ƙanƙanta, ko da yake lambarsu ta fi yawa. Ɗaya rabin maganar shi ne tsawon ɗakin da harsashi yake kwanciya a gindin bututu. Tsofaffin bindigogin Faransa da yawa an yi musu ɗaki mai milimita 65, na baya kuma 70, wasu ma 76. Tarkon da ke ciki shi ne, ana auna tsawon harsashi ne bayan ya fashe bakinsa ya buɗe, don haka mai 70 da bai fashe ba yana shiga ɗakin 65 lafiya lau, bindiga ta rufe kamar babu komai. Sai an harba ne bakin kwanson zai rasa wurin miƙewa, ya buɗe a cikin matsatsin da ke gaban ɗakin, ƙarfin fashewar ya ƙaru. Ga kuma cewa harsashin zamani mai 70 tun asali an ɗura shi da ƙarfin da ya fi abin da aka tanadar wa tsohuwar bindiga. Ba lalle ne ta tsage a harbi ɗaya ba, amma a hankali gaɓar da bututu yake juyawa a kanta takan ci, har rata ta fito tsakanin gindin bututu da fuskar ƙarfen da yake jingina da shi. Wannan ratar ce take yin ƙarar da muka ji.

Dattijon ya kuma nuna mini tambarin gidan gwajin bindigogi na Saint-Étienne, wanda yake aiki tun 1782, da haruffan PT a ƙarƙashin ɗan kambi, alamar cewa an gwada bututun da albarushi marar hayaƙi. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, amma ya ce kada in yi saurin murna, domin tambari shaida ce ta ranar da aka buga shi, ba ta yau ba. Ya ɗaga bututun ya saita shi da hasken ƙofa ya ce in leƙa. Cikinsa akwai 'yan ramuka kamar zanzanar ƙyanda, aikin tsofaffin harsasai da ke barin gishiri mai jawo tsatsa idan ba a wanke ba. Ya ce ba su yi zurfin da za a yar da ita ba, ya gyara gaɓar har ta daina motsi, ya kuma gindaya mini sharaɗi: mai 65 kawai, mai sauƙin ɗuri, kuma kada ƙwayar ƙarfe ta kuskura ta bi ta cikinta, dalma kaɗai. Wani ya ba ni shawarar a ƙara zurfin ɗakin zuwa 70, na ƙi, saboda yin haka rage kaurin ƙarfe ne a daidai inda ake bukatarsa, kuma bututun da aka yi wa haka ya kamata a sake gwada shi a gidan gwaji kafin mutum ya kai shi kusa da fuskarsa.

Harsashi mai 65 kuwa samunsa aiki ne, don haka na yanke shawarar neman wadda zan riƙa fita da ita. Na ga bindigogi huɗu kafin in saya. Ta farko an yanke mata baki, wai don ta yi daɗin ɗauka, alhali a 'yan santimitocin ƙarshen bututu ne matsewar da ke tattara ƙwayoyin dalma take, wanda ya yanke su ya mai da bindigar magirbin iska. Ta biyu na shafa bututunta da yatsa na ji ɗan kumburi a tsakiya, alamar an taɓa harba ta da wani abu a toshe a ciki, na ajiye ta ban ƙara magana ba. Ta uku tana da kyau ƙwarai, amma an goge lambar shaidarta, mai ita kuma ya fara kame-kame da na tambayi takarda. Ko kyauta ya ba ni ba zan karɓa ba. Akwai kuma waɗanda maƙera suke kwaikwayo, kuma ina girmama hannun maƙeran Adar, sai dai bututun da ba a gwada ba ni ba na sa kumatuna a kansa.

Ta huɗu ita ce Baikal IZh-18, ƙirar masana'antar Izhevsk wadda ta fara yin wannan samfuri a 1964, da tambarin kibiya a cikin garkuwa, tun ta zamanin Tarayyar Sobiyat. Mai ita tsohon malamin makaranta ne da idonsa ya yi rauni, takardunsa cikakku, kuma tare muka bi hanyar mai da su sunana. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Katakonta kamar an sassaƙa shi da gizago, kunamarta da tauri. Amma ɗakinta 70 ne, cikin bututunta yana walƙiya, gaɓarta a ɗaure tamau, lambar bututu da ta jiki kuma ɗaya ce. Simplex ta fi ta daɗin hawa kafaɗa, wannan ba na musu, amma idan batun jure ƙura da wahala ne Rashawa sun san abin da suka yi.

Wanda bai taɓa harba mai baki ɗaya ba yakan ɗauka cewa rashin nauyinta alheri ne zalla, har sai ta shure shi. Maƙeran bindiga na Ingila suna da wani tsohon ma'auni, cewa bindiga ta ninka nauyin dalmar da take harbawa sau 96. Harsashi mai giram 32 ke nan yana son bindigar da ta ɗan haura kilo 3, Baikal ɗina kuwa ba ta kai ba, shi ya sa na koma mai giram 28, kafaɗata ta huta, zabbin kuma ba su lura da bambancin ba. Ƙwaya mai lamba 6 nake sa wa fakara da kurciya, mai lamba 4 ga zabo, domin gashinsa da kauri kuma yana da taurin rai. Kafin in fita da ita karon farko na kafa babban kwali a gindin wani tudu, na ja da baya taki talatin da biyar na harba, na ga cewa ƙwayoyin suna taruwa sama kaɗan da inda na saita. Wannan gwaji na harsashi biyu ya fi mini amfani a kan duk labaran da na sha ji a majalisa game da bindigar da ke kayar da tsuntsu daga taki ɗari. Bayan mita 35 zuwa 40 ƙwayoyin sun riga sun watse, abin da mutum zai yi kawai shi ne ya raunata dabba ta je ta mutu a ƙaya.

Mahaifina yakan ce mai harsashi ɗaya ba ya harbin garke. Idan zabbi suka tashi gaba ɗaya da wannan hayaniya tasu, zuciya takan ce ka saki wuta a tsakiyarsu, kuma kusan kullum babu wanda zai faɗo. Sai ka zaɓi guda, ka bi shi da bakin bindiga, ka wuce gabansa kaɗan, sa'an nan ka taɓa kunama. Idan ka kuskure, shi ke nan, kafin ka karya ka sake ɗurawa sun tsallake kwari. Na yi farauta da masu baki biyu, na kuma lura cewa harbinsu na farko sau da yawa na gaggawa ne, saboda sun san akwai na biyu. Fitar tawa ma yanzu ba ta da yawa. Dokar farauta ta 29 ga Afrilun 1998 ta sa sai da lasisi daga jami'an gandun daji kuma a lokacin da aka buɗe, barewa da tuji da kakana yake ba da labari sun zama abin da ake tausayi, arewa kuma ba wurin yawo da bindiga ba ne a wannan zamani.

Ajiya ita ce inda mutanenmu suka fi yin sake. Hunturu yana busar da ƙota har ta tsage a wuyanta, damina tana kawo tsatsa, man gyaɗa da wasu ke shafawa yana daskarewa ya kama ƙura ya zama kamar ƙullun yashi a cikin gaɓa. Ɗigon man keken ɗinki ya fi shi sau goma. Mafi haɗari duka shi ne zanzaro. Wata shekara na ɗauko Simplex daga inda take rataye, na leƙa bututu kamar yadda dattijon ya hore ni, sai na ga duhu: ya gina ɗakinsa na laka a ciki, tsawon ɗan yatsa daga baki. Da na ɗura na harba a haka, da bututun ya buɗe kamar furen kabewa. Tun ranar nan nake ajiye su biyun a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsasai a wani wuri dabam inda yara ba su sani ba, kuma ba na barin mai lamba 20 ya kwana a jaka ɗaya da mai 12, domin ƙaramin yakan zurma cikin bututu ya maƙale, mutum ya ɗauka bai ɗura ba ya ƙara wani a bayansa.

Wani abokina da ya dawo daga tafiya ya samo mini kwali ɗaya na mai 65 ta hanyar dillali mai izini, guda 25. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama girbin hatsi kuma an buɗe farauta, nake fitar da Simplex in harba biyu ko uku, in dawo in wanke ta tun kafin in ci abinci. Bana da na ƙirga, saura 14.