Na gode jama'a, an wuce wurin

Alhamdulillah, Alhamdulillah. Jiya na kare furojet ɗina na lissafi gaban malamai kuma an ce na ci, yau sai azahar na farka jikina kamar an yi min duka. Kun san yadda aka sha tun ranar da kwamfutata ta mutu, ba sai na maimaita ba.

Maganar Baba ce ta sa na yi rubutun nan. Daren da aka ɗauke mana wuta a unguwarmu Aboabo, saura kwana uku, ina zaune ina sake lissafin da hannu sai ya bar keken ɗinkinsa ya zo ya riƙe min tocila har kusan asuba. Baba bai yi boko ba amma ya ce sai na gaya masa me nake nema. Na ce lambobi ne maƙwabta, a farfasa kowace zuwa lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, a ga ko yawansu ya zo ɗaya. Kamar 14 da 15, wannan 2×7 wancan 3×5, bibbiyu kenan, 27 da 28 kuma uku-uku. Da muka iso 33, 34, 35, uku a jere kowace da biyu, sai ya ce, Uwata to me ya hana su zama huɗu? Wallahi shiru na yi. Sai da na jujjuya kafin na gano cikin lambobi huɗu a jere dole ɗaya ta rabu da 4, to 2×2 ya riga ya cike biyun, duk abin da ya ƙaru an wuce, shi ya sa 32 da 36 suka tare hanya gaba da baya.

Jiya ina gama bayanin masanin lissafi Heath-Brown da ya tabbatar a 1984 cewa lambobi biyu maƙwabta da yawan firam ɗinsu ya zo ɗaya ba su da iyaka, wani malami ya cire tabarau ya jefo min tambayar Baba sak. Gwiwata na rawa na amsa, da ƙyar na riƙe hawaye.

Hajiya mai koko ta bakin masallaci, kin ce kar in ambace ki amma ƙosan da kike ƙara min ki ƙi karɓar kuɗi ba zan iya shiru ba. Malamin da ya duba aikina, da ƙawata da ta bar min kwamfutarta sati biyu, Allah ya biya ku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya ji ƙan magabatanku. Danginmu na Nima a Accra ko kira ɗaya ban samu ba, ya min ciwo gaskiya.

Baba, Allah ya ƙara wa idanun nan lafiya, ya ba ni ikon kai ka Makka.