Wata Biyu a Dare Guda

Ƙaramin yatsana na hagu ya tafi neman maɓallin ƙasa da ake kira si, sai ya sauka a kan robar bakin akwatin kiɗan da aka ce mini piyano ne. Na sake gwadawa, robar dai. Ƙarfe 4 na yamma ke nan, saura awa huɗu mutane su fara zuwa, kuma a nan na gane cewa kusan rabin abin da na kwashe wata takwas ina shiryawa ba shi da wurin zama a kan abin da aka ajiye mini.

Ina Yamai wani abokina da muka yi lakwal tare a nan Damagaram ya kira ni, ya ce za su shirya daren al'adu, yana so ya ba ni minti 40 in nuna wa 'yan gida abin da na shekara shida ina koyo. Na ce akwai piyano? Ya ce akwai mana, sabo fil. Tambaya ɗaya tal na yi, ita ce wannan. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina, don laifin ba nasa ba ne. A wurinsa duk abin da ke da maɓallai farare da baƙaƙe piyano ne.

Sai na zauna a gidan Mushe, malamina, a gaban tsohon piyanonsa na katako mai maɓallai 88, na tsara shiri na kiɗan manyan makaɗan Turai na da, irin wanda ake tsara wa zaurensu. Na buɗe da ɗan gajeren share fagen Bak a do (do, re, mi, fa, sol, la, si su ne sunayen sautukan maɓallai), na littafinsa na 1722, don hannu ya warware. Sannan kiɗan daren Shofan a mi bemol, sai Hasken Wata na Debusi, sai ginshiƙin duka, sonatar Betoben ta 1801, dogon kiɗan piyano da ake ce wa Farin Wata, kashi ukun nata cur, kimanin minti 15. Sunan ma ba shi ya raɗa mata ba, wani marubuci ne ya liƙa mata bayan rasuwarsa. Da na lissafa na ga lokaci bai cika ba, sai na cusa raye-rayen Romaniya na Bartok da tattakin Turkawa na Mozar a ƙarshe, kamar yadda ake ƙara wa mai saye gyara. Mushe ya duba takardar ya ce, "Kai yaro, wata biyu za ka fitar a dare guda? Ga kuma Shofan a tsakani. Barci kake son sa su?" Na ce, "Mushe, zurfi nake so su ji." Ya miƙo mini takardata bai ƙara ba.

Na yi kusan kilomita 900 a mota, na iso ana gobe. Da na je a daren na leƙa, da na sami ko da yini guda na sake tsari. Amma gaishe-gaishen dangi a Birni da Zango suka cinye ni, sai ranar da la'asar na hau kabu-kabu na je filin. Abin da na tarar irin na masu kiɗan biki ne, maɓallai 61, sakayau kamar na wasan yara, da wata 'yar feda ta roba, wadda ake takawa don amo ya daɗe, da ke gudu a kan siminti duk lokacin da na taka.

Wanda ya san sonatar ya san yadda hannun hagu ke tafiya a farkonta. Yana kama do diyez biyu, wato baƙin maɓallin da ke bin do, na sama da na ƙasa, sannan ya gangara si, la, fa diyez, sol diyez. To akwatin nan daga do yake farawa. Taku na farko kawai ya samu shiga, daga na biyu duk ƙasan ya faɗa rami. Abin haushin da na gano daga baya shi ne piyanon da Betoben ya rubuta ta a kai shi ma maɓallai 61 gare shi, sai dai nasa daga fa yake farawa, maɓallai bakwai ƙasa da nawa. Bakwai ɗin nan su ne gindin kiɗan. Kuma shi da kansa ya rubuta a saman shafin cewa a kaɗa kashin farko a hankali ƙwarai, a bar igiyoyin suna amo ba a danne su ba. Ni kuwa igiya ko ɗaya babu, sai lasifika da feda mai yawo.

Bak ya zauna daram, ko maɓalli ɗaya bai nema a waje ba, don kayan kiɗan zamaninsa ba su da faɗi. Shofan da Debusi kowanne ya rasa ƙafafunsa nan da can.

Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na san karin maganar, na ƙi ji. Wata takwas fa! Na ce ko ta halin ƙaƙa sai na kaɗa Betoben. Aka fara bayan isha'i, fili a buɗe, sanyin hunturu ya sauko, injin wuta yana gurnani a bayan katanga, babura suna wucewa a titi. Bak ya wuce lafiya. A Shofan mutane suka yi shiru na ladabi. A Debusi na fara jin kujeru suna motsi. Ina shiga Farin Wata da hannun hagu mai ƙwaya ɗaya-ɗaya, sai ya fito siriri kamar koko da aka cika wa ruwa, har na ji wata mata a layin gaba tana tambayar ta kusa da ita ko gwaji nake yi har yanzu. Kusan minti 16 a jere na ba su kiɗa mai sanyi, a wurin da injin wuta ya fi ni murya. Kashi na uku kuwa, mai gudun nan, yatsuna da suka saba da nauyin katako suka riƙa zamewa, na yi tuntuɓe sau biyu, na kai ƙarshe da ƙyar. An tafa, irin tafin da ake yi wa yaro in ya gama hadda da gyare-gyare.

Gyaran da na cusa shi ya fitar da ni kunya. Bartok ya tsara raye-rayen nan shida a 1915 daga kiɗan da ya bi ƙauyuka ya naɗa a wurin makaɗan ƙauye, dukansu ba su wuce minti biyar zuwa shida ba, kowace ta zo ta wuce kafin a gaji da ita. A ta uku, wadda asalinta busar sarewa ce a kan amo guda da ba ya motsi, sai fili ya yi tsit na gaske. Da na shiga Mozar, inda hannun hagu ke kwaikwayon gangunan sojan Turkawa, samari suka kama tafi a kan taku, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Mutanen da suka tashi da jin tambari da kakaki a ƙofar fada ba sa bukatar a yi musu bayanin kiɗan tattaki. Bayan an tashi wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wannan mai kama da busar makiyaya, ita ya kamata ka fara da ita." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Minti tara ne kacal, waɗanda ban ba su ko wata biyu na gwaji ba.

Yanzu ba na rubuta sunan kiɗa ko ɗaya sai na ɗora hannu a kan abin da zan kaɗa, na kuma zauna a wurin daidai lokacin da za a yi taron, in ji abin da ke ƙara a unguwar. Ina ajiye da rumbu na biyu, Bak da Skarlati da ƙananan sonatocin Kilementi, waɗanda ba su cika nisa da tsakiyar maɓallai ba kuma ba su dogara da feda ba. Mai sanyi ɗaya ya isa a fili, a sa shi tsakanin masu zafi biyu. Ina kuma neman takardun marigayi Akin Yuba, Bayaraben nan haifaffen Legas a 1935, wanda ya rubuta wa piyano kiɗa kamar ana kaɗa ganguna, don ina jin nan ne kunnen garinmu zai fi saurin kamawa. Betoben yana cikin akwati tukuna. Ban huce ba, kuma ba da shi nake fushi ba.

Makon jiya abokin nan ya sake kira, ya ce wannan karon ya samo na gaske. Na ce ƙirga mini maɓallan ina ji. Ya ƙirga ya ce 36. Gabana ya faɗi, don mai 61 farare 36 gare shi, mai 88 kuma baƙaƙensa ne 36. Na ce farare ko baƙaƙe? Ya ce baƙaƙen. Na ce to ka tsaya nan, ga ni nan zuwa in taɓa da hannuna.