Tarihin Rayuwata Kashi na 6: Ni da mujallun Yaya

Jama'a barkanmu da wannan mako, wancan satin mun tsaya ne a inda aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata, to yau bari in ba ku labarin sana'ar da na fara a can ba da sanin kowa ba a gidanmu.

Yayana shi ne mayen mujallar Fim a gidan. Tun da ta fara fitowa a watan Maris na 1999 bai taɓa bari ta wuce shi ba, ga kuma tsofaffin mujallar Tauraruwa wadda a cikinta aka fara kiran harkar fina-finan Hausa da sunan Kannywood, duk ya jera su a wani kwalin taliya ƙarƙashin gado, kuma ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba balle ni. Lokacin fa babu Facebook babu komai, in kana son sanin wa ya yi aure wa ya shiga sabon fim sai dai mujalla, ko ka je Bata a Kano wajen masu kaset ka kasa kunne.

Ranar da zan koma makaranta bayan hutu na zari guda huɗu na cusa ƙasan akwati, na ɗora garin kwaki da ƙuli a kai. A hostel kuwa wallahi kamar na zo da zinare, bayan an kashe wuta sai a kunna tocila a lulluɓa da bargo ana layi, ni kuma na ce naira biyar kwana ɗaya, wadda ba ta da kuɗi ta kawo sugar ko madara cokali uku. Mujallar da ke da Ali Nuhu ko Fati Mohammed a bango ita ta fi tsada, ta Ibro kuma har siniyoyi sai sun aiko a kai musu, su dai ba sa biya, wa ya isa ya tambaye su. Shafin wasiƙu ma karanta shi muke kamar za a yi mana jarrabawa a kai.

Matsalar ita ce wata ta yanke hoton tsakiya da reza ta liƙa a cikin lokarta, na yi kuka na yi rantsuwa babu wadda ta amsa.

Da na dawo gida na lallaɓa na mayar da su cikin kwalin, kwana biyu shiru har na saki jiki. Ran na uku ina wanke-wanke sai ga shi tsaye a kaina da mujalla a hannu duk ta sha manja a gefe.

"Ke zo nan, wa ya shiga ɗakina?"

Na ce "Yaya wallahi ni ban..." sai Umma ta leƙo daga kicin ta ce a'a me kuma ya faru, shi kuma ya buɗe daidai wurin da aka yanke ya miƙa mata.

Hannuna ya gaji, sai Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.