Injin jirgi mai tuƙa kansa: amfaninsa da inda yake gazawa

Sana'armu ɗaurawa da gyaran ƙaramin injin lantarki na jirgin kamun kifi, wanda ake kafawa a goshin jirgi yana jansa sannu a hankali ba tare da ƙarar da za ta kori kifi ba. Tun 1934 kamfanin Minn Kota ke ƙera irinsa a Amurka, amma na yanzu shi ke tuƙa kansa. Wani da kamfas yake riƙe hanyar da ka saita masa, wani kuma da GPS, na'urar da ke gane wuri ta tauraron ɗan adam.

Na GPS ɗin nan ina alfahari da duk wanda ya fita daga hannuna. Ka iso inda kifi ya taru, ka danna maɓalli ɗaya a rimot, jirgi ya tsaya cak kamar an jefa anga. Iska ta turo shi, injin ya juya da kansa ya mayar da shi. Hannayenka biyu suna kan fatsa, babu jan igiya, babu tayar da laka a ƙasan ruwa. Masuncin da ke fita shi kaɗai ya fi kowa sanin daɗinsa.

Sai dai ba shi da ido. Dutse, kututture ko ragar wani, duk zai bi ta kansu. Idan iska ta yi ƙarfi kuma, ba ya hutawa, batir yake ta sha.

A nan nake yawan samun saɓani da masu neman araha. Inji mai ƙarfin turawa na fam 55 (fam ɗin awon nauyi) batir ɗaya na volt 12 ya ishe shi, mai fam 80 kuwa sai volt 24, wato batir biyu, kuma irin wanda aka yi don a daɗe ana jan wutarsa. Sai mutum ya kai aikin wurin 'yan kwaikwayo, su sa masa batirin mota da siririyar waya, ko fis babu. Waya ta yi zafi, inji ya riƙa yankewa a tsakiyar ruwa, sannan a kawo mini ana cewa kayan ne ba su da kyau, ana kuma neman ragi.

Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya saka masa da alheri, ba ya barin yaro ya taɓa wata waya sai ya fara kwance farfela. Zaren fatsa yakan nannaɗe a bayanta, ya cinye robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga ya ƙona koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin injin. Shi ya koya mini gane ƙonannen koyil daga wari kawai. Har yau haka muke farawa. Muna auna tsawon sandar injin yadda farfela ba za ta riƙa fitowa sama ba idan ruwa ya tashi, muna nisanta kamfas da ƙarafa, kuma ba ma miƙa jirgi sai mun gwada shi a ruwa da mai shi a ciki.