Murhun Gashi: Abin da Nake Duba wa Mai Saye Kafin Ya Biya Kuɗi

Sana'ata ita ce ƙera murhun gashi da sayar da shi, kuma ƙaramar ma'aikatata tana unguwar Aboabo a Kumasi, inda nake aiki tare da yaran da ke koyon walda a hannuna. Yawancin masu zuwa wurina masu tsire ne da ke kafa tebur a bakin titi da yamma, sai matan da ke gasa karfasa don a ci da banku, wato tuwon ƙullin masara da rogo mai tsami, sai kuma magidanta, waɗanda ba sa tunawa da mu sai Babbar Sallah ta ƙarato ko an sa ranar suna.

Duk wanda ya shigo ya nuna murhu ya ce a faɗa masa kuɗi, nakan fara tambayarsa abin da zai gasa da yawan bakin da zai ciyar, domin a nan ne cinikin yake gyaruwa ko ya lalace. Mai tsire yana bukatar murhu dogo, siriri, marar zurfi, yadda naman zai hau kan garwashi amma gindin tsinken ya tsaya a waje, ya riƙa juyawa ba tare da tsinken ya ƙone ko hannunsa ya sha wuta ba. Mai kifi kuwa raga mai faɗi take so, wadda sandunanta suka matsu, saboda karfasa idan ta fara nuna takan saki jiki ta faɗa ta tsakanin ƙarfe. Wanda zai gasa zabi ko cinyar rago sai an yi masa mai zurfi da murfi, a tara garwashi a gefe guda, naman ya zauna a ɗaya gefen yana shan zafi a hankali har ya nuna zuwa ƙashi. Wannan dabara ba sabuwa ba ce a wurinmu, domin a tukubar gargajiya ma kafe tsinkaye ake yi kewaye da wuta, zafi ya bugi nama daga gefe, kitse kuma bai ɗiga cikin wutar ya ta da harshe ba.

Bayan siffa sai kaurin ƙarfe, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Ina sayen farantin ƙarfe da rodi a Suame Magazine, inda maƙera da kanikawa suka taru da yawa har aka san wurin a faɗin Afirka ta Yamma, kuma duk wanda ya saba shiga can ya san cewa faranti mai kaurin milimita 1 da mai milimita 3 kamarsu ɗaya da zarar an shafa musu baƙin fenti. Bambancin yana fitowa ne bayan wuta ta ci su. Siririn yakan lanƙwashe, gindinsa ya kumbura, sannan tsatsa ta huda shi daidai inda gawayi yake zama. Ni ba na yin gindin murhu da abin da ya gaza milimita 2, wanda kuma zai yi aikin kasuwa kowane dare nakan ba shi shawarar mai 3, ko da zai ji nauyinsa a aljihu da kuma wajen ɗauka. Yanayin Kumasi ma ba ya raga wa siririn ƙarfe, tunda damina biyu muke yi a shekara, kuma toka idan ta jiƙe ta kwana a cikin murhu tana cin ƙarfe fiye da yadda wutar kanta take ci.

Gwajin ba shi da wuya. Mai saye ya danna gindin murhun da babban yatsa; idan ya lotsa ya dawo da ƙara, to ya ajiye shi. Ya kifa shi ya dubi waldar ta ƙasa, inda fenti ba ya kaiwa sosai, ya ga ko an ja ta a jere ko kuwa ɗige-ɗige aka yi nan da can don a rage kuɗin sandar walda. Ya kuma girgiza ƙafafun, domin murhun da ke rawa alhali babu komai a kansa ba abin da za a ajiye ba ne a tsakar gidan da yara ke guje-guje.

Mutane da yawa suna son murhun da aka yi da duro mai cin lita 200, wanda ake tsagawa biyu, rabi ya zama gindi rabi ya zama murfi. Yana da araha da faɗi, amma wajibi ne a san abin da aka taɓa zubawa a cikinsa. Wanda ya ɗauki man girki ko kayan abinci ba shi da matsala idan an wanke shi an ƙone shi da wuta mai ƙarfi har fentin ya zube. Wanda ya ɗauki maganin feshi ko wani sinadarin da ba a san asalinsa ba, ba na karɓarsa ko kyauta ne, wanda ya ɗauki fetur kuwa yana iya fashewa a fuskar mai yanka shi saboda tururin da ya rage a ciki. Haka nan ba na sa ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, irin na kwanon rufi, a inda wuta za ta taɓa, domin tutiya tana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan ta sha zafi sosai. Ragar tsohon firij da wasu ke ɗorawa a kan garwashi ita ma ba don wuta aka yi ta ba. Raga mafi kyau ita ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma nakan ajiye maganaɗisu a kan tebur don mai saye ya gwada da kansa, tunda nau'i mai kyau da ake kira 304 yawanci ba ya kama maganaɗisu, wasu daga cikin masu arahar kuwa suna kamawa.

Akwai wata Hajiya mai sayar da kifi da ta kawo mini murhun da ta saya a wani wuri, tana kukan cewa buhun gawayi ba ya yi mata auki, kuma hannunta ya gaji da fifita. Da na leƙa sai na ga babu huda ko ɗaya a jikinsa, gawayin kuma a kan gindi yake zaune cikin tokarsa. Na ce mata, "Hajiya, wutar nan ba ta samun iska ne." Muka huda gefe, muka sa ƙofa mai zamewa da za ta buɗe ko ta rage, muka ɗaga gawayin a kan rodi, muka sa tiren toka da ake zarowa, sannan muka yi wa ragar matakala uku don a ɗaga ta ko a sauke ta gwargwadon ƙarfin wuta. Waɗannan abubuwa ne ya kamata mai saye ya nema tun farko.

Ana yawan tambayata game da na gas da ake shigowa da su daga waje. Suna da tsabta da saurin kunnawa, kuma silinda mai kilo 14.5 tana daɗewa a gidan da ba kullum ake gashi ba, sai dai idan kan wutar ya lalace samun madadinsa aiki ne, kuma a ganina ƙamshin tsire daga garwashi yake fitowa. Tun bayan fashewar gas ta Atomic Junction a Accra a 2017 mutane suka ƙara tsoronsa, amma abin da ake bukata shi ne a riƙa shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗarsa a ga ko zai yi kumfa, a kuma nisanta silinda daga zafi. Gawayi ma yana da nasa haɗarin, domin kunna shi a ɗaki ko a rufaffen shago saboda ruwan sama yana tara iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Gawayin da muke samu yawanci daga wajen Kintampo da Atebubu yake zuwa, kuma mai nauyi da ke ƙara idan an buga shi ya fi daɗewa a wuta.

Wanda yake son murhu don layya ya zo tun watan Zulƙida, domin a makon Sallah aiki yakan yi mana yawa, kuma waldar gaggawa ba ta ƙarko. Idan ya kai shi gida, ya fara hura masa wuta babu nama har warin fenti ya fita, ya goge ragar da man gyaɗa tun tana da ɗumi, ya riƙa kwashe toka bayan kowane gashi, ya kuma ajiye shi a inda ruwan sama ba zai same shi ba.