Fiton Kirinjijiya a Fadamar Nguru

Sana'ata haɗa kiɗa a situdiyo a Kano, kuma shekara da shekaru duk kukan tsuntsun da na sa a ƙarƙashin waƙa daga intanet na sauke shi. Wata rana wani tsohon makaɗin kalangu da nake ɗauka aiki ya saurari wani kiɗa nawa, ya tambaye ni sunan tsuntsun da ke kuka a ciki. Na yi ta kame-kame. Ya ce, "Yaro, wannan ba tsuntsun ƙasar nan ba ne." Kunyar ranar ce ta sa na ɗauki rikoda a tsakiyar hunturu, na roƙe shi ya raka ni Nguru.

Mun bar Kano bayan asuba, muka bi ta Haɗeja, la'asar ta yi mana a Nguru. Garin ƙarshen layin dogo ne, tun 1930 jirgin ƙasa ya iso shi, amma abin da ya fara tarbar mu ƙanshin bandar kifi ne. Muka kwana. Washegari tun da duhu muka nufi bakin ruwa, inda wani mai fito ya yarda ya shiga da mu.

Da ma na zaɓi hunturu ne saboda baƙi. Daga wajen Nuwamba agwagin ruwa da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ke tserewa sanyin Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a fadamun nan da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Filib, ya zo Dagona, wata mafakar tsuntsaye a fadamun, a 1989. To amma baƙin nan ba su cika surutu ba, ci kawai suke yi. Masu bakin su ne 'yan gida: ɗinya, da zalɓe mai muryar tsohon da aka tasa daga barci, da ragon maza da ke ɓoye cikin ciyawa yana kuka kamar ana tsiyaye ruwa daga gora.

Kwale-kwalen bai yi nisa ba muka shige kacalla. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa har sai an bi ta wata 'yar kafa da masunta suka sare. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan ya daina zuwa ya ja baya kamar da, ya koma kwanciya duk shekara a wasu wurare, ita kuwa kacalla abin da take so ke nan. Ni da na zo neman sauti, sai ta zame mini bala'i: iska na kaɗa ta, tana shuuu a cikin makirfo, ta rufe komai. Na cire hulata na lulluɓe makirfon, ban tsira ba.

Ina wannan fama sai garken kirinjijiya ya tashi ta gabanmu. Fararen fuskoki, jiki ruwan ƙasa, kowace tana fito sau uku, biyu a sama, na ukun ya gangaro. Na ɗaga rikoda ina rawar jiki. Baba makaɗi kuwa ko motsi bai yi ba, ya rufe ido yana taɓa gwiwarsa da yatsa.

Da suka wuce ya ce, "Me suka ce?"

Na ce, "Baba, fito suka yi."

Mai fito ya yi dariya har sandarsa ta kusa suɓucewa. Ya ce, "Malam, ai cewa suke: mun tashi, mun tashi."

Baba ya zaro kalangunsa daga buhu, ya matse tsarkiya a hammata, ya buga biyu a sama, ya saki ya buga ɗaya a ƙasa. Wallahi maganar ce ta fito, kuma fiton ne. Na daɗe da sanin kalangu na bin hawa da saukar muryar Bahaushe, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ta wannan ƙofar tsuntsu ke shiga kiɗa ba. Ni ina ƙoƙarin kama muryar in kai ta Kano a aljihu, shi kuwa ya nemo maganar da ke cikinta, ya ba wa fata ta faɗa. Ya yi ta juya ta, ya jinkirta bugun ƙarshe, ya ninka na farko, har ta zama taken da ƙafa ke bi. Mai fito ya soma dafa sandarsa daidai da saukar bugu na uku, ba tare da kowa ya ce ya yi ba.

Da hantsi muka fito ta gefen wata gonar shinkafa. Yara na kan rumfa suna jan igiyar da aka rataye wa gwangwanaye, suna ihu, don korar jan-baki da ke kwana cikin kacallar nan su fito su cinye amfanin gona. Na ce da mai fito tashin garken nasu yana da daɗin ji, kamar saukar ruwan sama. Ya dube ni ya ce in faɗa wa mai gonar. Na yi shiru. Gwangwanayen dai na naɗe su, don sun fi duk abin da na ɗauka a ranar fita tsaf.

Kwana uku muka yi. Da na dawo situdiyo na saurari abin da na tara, kusan duka iska ce da tarin Baba, sai wani ɗan guntu inda kirinjijiya ta fito fes. Na sa shi a farkon kiɗan sau ɗaya tak, daga nan kalangu ya karɓa, sarewa ta yi gangarowar ragon maza, gwangwanayen yaran suka tsaya a madadin kacau-kacau.

Na kira Baba ya ji. Ya saurara har ƙarshe, ya ce na yi sauri da yawa, tsuntsun ba ya gudun kowa. Muka rage gudun, muka sake ɗauka.